MAIƘON DA KE CIKIN IDO DA CIWON DUSHEWAR TSAKIYAR GANI GA DATTAWA: BAYANI GA AL'UMMAR FUNTUWA DA MALUMFASHI

Gabatarwa

A ƙasar Funtuwa da Malumfashi, da sauran ƙananan hukumomin kudancin Jihar Katsina irin su Bakori, Ɗanja, Ɗandume, Sabuwa, Faskari, Ƙanƙara da Ƙafur, dattijo ba ya ajiye fartanya don ya cika shekara 60. Shi ne mai zaɓen iri, shi ne mai duba ganyen masara ya gane ko tsutsa ta shiga, shi ne kuma mai ƙirga kuɗin auduga da na waken suya idan an kai kasuwa. Haka ita ma dattijuwa take tsince shinkafa, ta zura zare a kafar allura, ta shaida fuskar jikokinta tun daga ƙofar gida. Dukkan waɗannan ayyuka sun rataya ne a kan wani ɗan wuri da ke can ƙuryar ido, wanda faɗinsa bai wuce milimita 5 da rabi ba. Likitoci suna kiransa makula, mu kuma a wannan bayani za mu riƙa kiransa cibiyar gani.

Manufarmu a nan ita ce mu bayyana wa jama'a, da masu riƙe da sarautun gargajiya, da ma'aikatan ƙananan hukumomi, yadda wannan cibiya take aiki, da irin maiƙon da aka gina ta da shi, da abin da tsufa yake yi mata, sannan da matakan da kowane gida zai iya ɗauka. Masu iya magana sun ce rashin sani ya fi dare duhu, kuma a sha'anin ido wannan magana ba ta da ƙari.

Yadda Ido Yake Gani

Haske yana shiga ido ta gaba, ya ratsa wani ɗan gilashi garai-garai da ke bayan baƙin ido, sannan ya sauka a kan wata siririyar shimfiɗa da ta lulluɓe bangon ido ta ciki. Wannan shimfiɗa ita ce ratina, wato shimfiɗar gani. A cikinta akwai ƙwayoyin gani kusan miliyan 100 a kowane ido, kuma iri biyu ne. Akwai masu siffar sanda, waɗanda su ne suka fi yawa, aikinsu shi ne gani a cikin duhu-duhu da kuma hango abin da ke gefe. Akwai kuma masu siffar mazurari, waɗanda ke rarrabe launi da ƙananan abubuwa. Waɗannan na biyun sun fi cunkusuwa a cibiyar gani. Saboda haka duk abin da mutum ya ƙura wa ido, ko rubutu ne, ko fuska, ko lambar waya, a kan wannan cibiya hotonsa yake sauka.

A bayan ƙwayoyin gani akwai wani jeri na baƙaƙen ƙwayoyi da ke yi musu hidima: su ciyar da su, su kwashe musu shara. A bayan waɗannan kuma akwai wani tantani mai kama da rariya, wanda ake kira tantanin Buruk. Ta cikinsa abinci da iska suke ratsowa daga jijiyoyin jini zuwa ga ƙwayoyin gani, ta cikinsa kuma shara take fita. Ya kamata mai karatu ya riƙe waɗannan abubuwa uku, wato ƙwayoyin gani, da masu yi musu hidima, da rariya, domin a tsakaninsu ne ciwon yake farawa.

Maiƙon da Aka Gina Ido da Shi

Idan aka ambaci maiƙo ko kitse, abin da ke zuwa wa mutane a rai shi ne teɓa da hawan jini. Amma maiƙo iri-iri ne, kuma akwai wanda jiki ba ya iya aiki sai da shi. Kowace ƙwayar gani tana da wani sashe a ƙarshenta inda aka jera ɗaruruwan ƙananan faifai, ɗaya bisa ɗaya, kamar yadda ake jera fayafayan kaba a kasuwa. A jikin waɗannan faifai ne sinadarin da ke kama haske yake zaune, kuma su kansu faifan da maiƙo aka yi su.

Babban maiƙon da ke wurin shi ne wanda ake kira DHA, ɗaya daga cikin dangin maiƙon omega-3. A wannan sashe na ƙwayoyin gani, kusan rabin maiƙon duka DHA ne, kuma babu wani wuri a jikin ɗan Adam da ya tara shi da yawa haka. Amfaninsa shi ne laushi. Kitsen saniya yana daskarewa idan ya huce, shi kuwa wannan maiƙo yana nan ruwa-ruwa, don haka sinadarin kama haske yake samun damar juyawa cikin ƙiftawar ido a duk lokacin da haske ya taɓa shi.

Masana suna kwatanta sinadarin maiƙo da sarƙa mai gaɓoɓi. Sarƙar DHA tana da gaɓoɓi 22. Bayan ita, ido yana ƙera wasu dogayen sarƙoƙi na musamman, masu gaɓoɓi daga 28 har zuwa 38, waɗanda ba a samunsu a abincin yau da kullum. Ido ne da kansa yake ɗaukar gajerun sarƙoƙi ya riƙa yi musu ƙari, ta hanyar wasu sinadaran aiki guda biyu da ake kira ELOVL2 da ELOVL4. An gano muhimmancin waɗannan dogayen sarƙoƙi ne a shekarar 2001, lokacin da masu bincike suka tabbatar da cewa wasu iyalai da ke gadon lalacewar cibiyar gani tun suna ƙuruciya, matsalarsu tana cikin ƙwayar gadon da ke samar da ELOVL4.

Jiki ba ya iya ƙirƙiro omega-3 daga babu, dole sai ta hanyar abinci. Wasu tsirrai, kamar waken suya, suna da wani nau'i nasa mai gajeriyar sarƙa, wanda hanta take mayarwa DHA, sai dai ɗan kaɗan ne take iya mayarwa. Kifi kuwa yana ɗauke da shi a shirye. Haka kuma jariri yana tara DHA a ido da ƙwaƙwalwa a watanni 3 na ƙarshen ciki, sannan ya ci gaba da samu daga nonon uwa. Ke nan ginin idon da mutum zai tsufa da shi tun a ciki da goyo aka fara shi.

Abin da Tsufa Yake Yi

Duk matar da take sana'ar man gyaɗa ta san cewa mai ba ya son rana da iska. Idan aka bar shi a buɗe, launinsa da ƙamshinsa sukan canza. Maiƙon ido ya fi man gyaɗa saurin lalacewa, ga shi kuma yana zaune a wurin da haske yake dukansa kullum, kuma shimfiɗar gani tana cikin sassan jiki da suka fi cin iskar oksijin.

Yadda ido yake magance wannan matsala abin mamaki ne. A shekarar 1967 wani masani a Amurka mai suna Richard Young ya nuna cewa ƙwayoyin gani suna sabunta faifansu ba dare ba rana. Kullum sukan zubar da kimanin kashi 10 cikin ɗari na tsofaffin faifai daga sama, su ƙera sababbi daga ƙasa, ta yadda cikin kwana 10 ko makamancin haka duk jerin ya zama sabo. Ƙwayoyin hidima su ne suke haɗiye abin da aka zubar, su tsame maiƙon da ke da sauran amfani su mayar, su fitar da sauran ta rariya.

To su waɗannan ƙwayoyin hidima ba a cika sauya su ba. Waɗanda aka haifi mutum da su, galibi da su zai tsufa. Bayan shekara 60 ko 70 suna wannan aiki, sai abubuwa uku su fara bayyana. Na farko, guntattakin sharar da ba ta narkewa ta taru a cikinsu. Na biyu, kitse ya riƙa liƙewa a jikin rariya har ta yi kauri, abinci ya daina ratsawa sosai, kamar yadda matacin koko yake toshewa idan aka daɗe ba a wanke shi ba. Wata masaniya a Jami'ar Alabama da ke Birmingham a Amurka, Christine Curcio, ta yi fice wajen bayyana wannan taruwar kitse. Na uku, wasu ɗigo-ɗigo masu launin ruwan ɗorawa, waɗanda ake kira durusen, su taru a ƙarƙashin ƙwayoyin hidima. Likita yana iya hango su da na'ura tun kafin mai ido ya san akwai matsala.

A daidai lokacin da kitsen da ba a so yake taruwa a baya, maiƙon da ake so yana raguwa a gaba. A shekarar 2010 masu bincike a Jami'ar Yuta suka auna idanun mutanen da suka ba da izinin a yi nazari da su bayan rasuwarsu, suka tarar dogayen sarƙoƙin maiƙon nan sun ragu ƙwarai a idanun masu ciwon dushewar tsakiyar gani.

Iri Biyu na Ciwon da Alamominsa

Iri na farko shi ne busasshe, kuma shi ne ya fi yawa. Yana tafiya sannu a hankali cikin shekaru. Ƙwayoyin hidima su mutu kaɗan-kaɗan, ƙwayoyin ganin da ke dogara da su su bi baya.

Iri na biyu shi ne jiƙaƙƙe. A nan wasu sababbin jijiyoyin jini marasa ƙwari ne suke fasa rariya su shigo ƙarƙashin cibiyar gani, su riƙa yoyon ruwa da jini. Masu wannan iri ba su wuce kashi 10 zuwa 15 cikin ɗari na masu ciwon ba, amma shi ne yake jawo mafi yawan mummunar asarar gani, kuma yana iya yin ɓarnarsa cikin 'yan makonni.

Alamomin da ya kamata a lura da su ga wanda ya haura shekara 50 su ne:

1. Miƙaƙƙen abu, kamar turken wutar lantarki ko gefen ƙofa, ya riƙa bayyana a karkace ko a lanƙwashe.
2. Wani duhu ko hazo ya tsaya a tsakiyar duk abin da aka kalla, alhali gefe yana nan tar.
3. Mutum ya ga tufar mai zuwa da tafiyarsa, amma ya kasa shaida fuskarsa sai ya yi magana.
4. Karatu ya gagara, ko na Alƙur'ani ko na boko, ko da an sauya tabarau.
5. Idan aka shiga ɗaki daga rana, a daɗe ƙwarai kafin ido ya saba.

Ciwon ba ya sa zafi, ba ya sa ido ja, ba ya kuma canza kamannin ido ta waje. Wannan ne ya sa a wasu gidaje ake zargin dattijo da ƙarya ko son a yi masa hidima, domin an ga ya kauce wa turmi a tsakar gida amma ya ce bai gane ɗansa ba. Gaskiya yake faɗa: ganin gefe ne yake tafiya da shi. Haka kuma wasu masu wannan ciwo sukan riƙa ganin mutane, ko dabbobi, ko zane-zane da babu su. Wani masani ɗan ƙasar Suwizalan, Charles Bonnet, ya bayyana wannan hali tun a shekarar 1760. Ƙwaƙwalwa ce take cike gurbin hoton da ido ya daina aiko mata, kuma ba alamar taɓin hankali ba ce. Irin wannan dattijo likitan ido ya kamata a kai wa.

Matsayin Ciwon a Duniya da a Ƙasarmu

Wani babban nazari da aka buga a shekarar 2014 ya ƙiyasta cewa mutum miliyan 196 ne za su kasance da wannan ciwo a duniya a 2020, kuma adadin zai kai miliyan 288 a 2040. Nazarin ya nuna ya fi yawa ga Turawa a kan mutanen Afirka.

A Nijeriya, binciken ƙasa kan makanta da aka gudanar daga 2005 zuwa 2007 ya duba mutane fiye da 13,000 masu shekara 40 zuwa sama. An tarar kashi 4.2 cikin ɗari makafi ne, wanda ya yi daidai da mutum fiye da miliyan 1 a lokacin. Yanar ido ce ta haddasa kashi 43 cikin ɗari na makantar, hawan jinin ido ya bi mata da kusan kashi 17, kuma kashi 84 cikin ɗari na makantar duka abin da za a iya karewa ne ko a warkar. Dushewar tsakiyar gani kaso kaɗan ta ɗauka. Muna faɗar wannan ne don kada a ɗauka duk tsohon da ganinsa ya ragu wannan ciwo ne yake damunsa. Sau da yawa yana ce, wadda aikin 'yan mintoci yake kawar da ita, ko kuma rashin tabarau kawai. Sai dai gwargwadon yadda mutane suke ƙara tsawon rai, gwargwadon yadda ciwon tsakiyar gani zai ƙara bayyana a tsakaninmu.

Bambancin ciwukan uku a taƙaice shi ne: yana tana rufe gani duka kamar hazon hunturu, kuma aiki yana dawo da shi. Hawan jinin ido yana cin gani daga gefe zuwa tsakiya, abin da ya ci kuma ba ya dawowa. Dushewar tsakiyar gani tana ci daga tsakiya, ta bar gefe. Mutum ɗaya yana iya haɗa biyu ko ma duka ukun, kuma na'urar likita ce kaɗai take rarrabewa.

Abin da Bincike Ya Tabbatar Game da Maiƙo

A nan akwai buƙatar a yi hattara, domin 'yan kasuwa sun shiga maganar. A shekarar 2008 masana a Melbon ta ƙasar Ostireliya suka tattara nazarce-nazarce 9 da suka ƙunshi mutane kusan 89,000. Suka ga cewa masu cin kifi aƙalla sau 2 a mako ba su cika kamuwa da ciwon ba kamar waɗanda ba sa ci. Wannan ya sa aka yi zaton ƙwayar man kifi za ta zama magani.

Cibiyar Ido ta Ƙasar Amurka ta gwada wannan zato. Tun a 2001 gwajinta na farko, mai suna AREDS, ya nuna cewa haɗin bitamin C da E da sinadarin zink da wasu, yana rage haɗarin tsanantar ciwon da kimanin kashi 25 cikin ɗari ga waɗanda ciwonsu ya kai matsakaicin mataki. A gwaji na biyu, wanda aka fitar da sakamakonsa a 2013 bayan an bi mutane 4,203 har shekara 5, an ƙara ƙwayar omega-3 a kan wancan haɗi, amma ba ta ƙara rage tsanantar ciwon ba. Wani darasin kuma shi ne an cire sinadarin bita-karotin daga haɗin, saboda yana ƙara haɗarin kansar huhu ga masu shan taba da waɗanda suka taɓa sha, aka maye gurbinsa da lutin da ziyazantin, wato sinadarai masu launin ruwan ɗorawa da ke taruwa a cibiyar gani suna tare mata kaifin haske.

A baya-bayan nan hankalin masana ya koma kan dogayen sarƙoƙin da ido yake ƙera wa kansa. A 2020 wata ƙungiyar masu bincike a Kalifoniya, ƙarƙashin jagorancin Dorota Skowronska-Krawczyk, ta nuna cewa aikin ELOVL2 yana raguwa a idon ɓeraye idan sun tsufa. A 2025 suka ba da rahoton cewa sun yi wa tsofaffin ɓeraye allurar wani maiƙo mai gaɓoɓi 24 a cikin ido, ganinsu ya inganta, alhali DHA shi kaɗai bai yi irin wannan tasiri ba. Wannan ci gaba ne mai ƙarfafa gwiwa, amma gwaji ne a kan ɓeraye. Duk wanda ya zo kasuwar Bakori ko ta Ɗandume da lasifika yana tallar ƙwaya ko man ɗigawa da sunan yana mayar da idon tsoho na yaro, kuɗin jama'a kawai yake nema.

Abincin da Ke Hannunmu

Abin da ya fito fili daga wannan bayani shi ne abinci na yau da kullum, na shekara da shekaru, ya fi ƙwayar da za a saya bayan ciwo ya kama. Yankinmu kuwa ba ya rasa abin da ake buƙata.

Kifin teku mai maiƙo, irin su titus da shawa da ake sayarwa a daskare, da sadin na gwangwani, su ne suka fi DHA. Kifin ruwanmu, kamar tarwaɗa da karfasa da ake kamawa a madatsun ruwa na Mairuwa da Gwaigwaye da na Malumfashi, bai kai na teku ba, amma yana da nasa rabon. Gidan da zai iya sa kifi a miya sau 2 a mako, ɗanye ko banda, ya yi wa idanun mutanensa tanadi. A lura kada kason tsofaffi da mata masu ciki da masu shayarwa ya zama shi ne kai da ƙaya.

Man gyaɗa da man auduga kusan ba su da omega-3, shi kuwa waken suya da mansa suna da shi. Tunda muna noma shi da yawa, kada a kwashe shi duka zuwa kasuwa. A rage na awara da na kunu da na daddawa.

Lutin da ziyazantin suna cikin ganye: zogale, alayyahu, rama, lalo, tafasa da kuka, sannan da gwaiduwar ƙwan kaza ko na zabi, da masara mai launin ruwan ɗorawa. Jiki ba ya tsotse su sosai sai an haɗa da ɗan mai, saboda haka kwaɗon zogale da ƙuli-ƙuli da ɗan man gyaɗa abinci ne mai kyau ga ido. A shanya ganye a inuwa, domin rana tana cinye amfaninsa. Manja da karas da kabewa da mangwaro suna ba da bitamin A, wanda rashinsa yake kawo dundumi. Tun a 2002 doka ta wajabta ƙara wannan bitamin a man girki da sukari da fulawa na kamfani, kuma ana gane su da hoton ido a jikin mazubi. Man da aka yi ta maimaita suya da shi har ya yi baƙi kuwa, a guje shi. Jarirai kuma a ba su nonon uwa zalla har wata 6.

Abubuwan da Ke Ƙara Haɗari

Shekaru da gado ba su da makawa, amma wanda mahaifinsa ko ɗan'uwansa ya yi wannan ciwo ya kamata ya riƙa zuwa duba ido tun da wuri. A cikin abubuwan da mutum yake da iko a kansu, shan taba ne kan gaba: yana ninka haɗarin sau 2 zuwa 4, domin hayaƙin yana ƙona maiƙon ido yana kuma ƙuntata jijiyoyin da ke ciyar da shi. Wanda ya daina, haɗarinsa yana raguwa da tafiyar shekaru. Hawan jini da teɓa su ma suna da hannu. Ciwon sukari yana da tasa ɓarnar daban a shimfiɗar gani, don haka mai shi ya duba ido sau ɗaya a shekara. Daɗewa ana shan ƙwayar kulorokwin ba da umarnin likita ba shi ma yana lalata cibiyar gani. Malafa a gona kuwa kariya ce mai arha daga kaifin rana.

Gwajin Gida da Inda Za a Nufa

Akwai gwaji mai sauƙi da kowa zai iya yi sau ɗaya a mako. A rufe ido ɗaya da tafin hannu, a kalli wani abu mai miƙaƙƙun layuka, kamar ƙarfen taga ko jerin bulo ko takardar lissafi ta 'yan makaranta, sannan a sauya ido. Dalilin rufe ɗaya shi ne lafiyayyen ido yakan rufa wa marar lafiya asiri har ɓarna ta yi nisa. Idan layukan suka karkace ko wani wuri ya ɓace, a tafi asibiti a cikin wannan makon, kada a jira a gama girbi.

A fara da Babban Asibitin Funtuwa ko na Malumfashi, ko asibitin da ya fi kusa, a nemi takardar turawa. Asibitin Koyarwa na Jami'ar Ahmadu Bello da ke Shika yana kan hanyar Funtuwa zuwa Zariya. Akwai Cibiyar Ido ta Ƙasa a Kaduna, da Asibitin Koyarwa na Tarayya a Katsina, da Asibitin Ido na ECWA da na Makka a Kano.

Jiƙaƙƙen iri yana da magani: allura ce da likita yake yi a cikin ido bayan ya kashe zafin wurin, wadda take tsayar da yoyon jijiyoyin. An fara amfani da irinta sosai a duniya daga 2005 zuwa 2006. Ana maimaita ta, sau da yawa wata-wata a farko, tana da tsada, kuma amfaninta ya dogara ga zuwa da wuri. Busasshen iri ba shi da maganin da ke dawo da abin da ya tafi. Allurai biyu da Amurka ta amince da su a 2023 rage masa gudu kawai suke yi. Duk da haka, ciwon shi kaɗai ba ya kai mutum ga duhu baki ɗaya. Da gilashin ƙara girman rubutu, da fitila mai haske, da littafi mai manyan baƙaƙe, da koyon kallo ta gefen ido, dattijo zai ci gaba da yawancin harkokinsa.

Muna jan kunne game da masu cire yana na gargajiya da ke yawo ƙauyuka. Binciken ƙasa na 2005 zuwa 2007 ya tarar fiye da kashi 40 cikin ɗari na idanun da aka taɓa saboda yana, su ne suka taɓa su, kuma mafi yawan waɗannan idanu a makance aka same su. Haka kuma kada a ɗiga ruwan ganye ko wani haɗi a ido, kada kuma a sayi maganin ɗigawa a kemis ba da takardar likita ba, domin wasunsu suna tayar da hawan jinin ido.

Kira ga Shugabanni da Ma'aikata

Ƙasar Malumfashi ba baƙuwa ba ce ga aikin lafiyar karkara. A shekarun 1970 an gudanar da babban aikin binciken cututtuka a can tare da Jami'ar Ahmadu Bello, kuma haɗin kan sarakuna da talakawa ne ya sa ya yiwu. Irin wannan haɗin kai muke nema a kan ido.

Hakimai da dagatai da masu unguwanni su san dattawan da ganinsu ya ragu a yankunansu, su ƙarfafa wa iyalansu gwiwar kai su asibiti. Ma'aikatan lafiya a matakin farko su riƙa gwada gani ido ɗaya-ɗaya ga duk wanda ya haura shekara 50, ko da wani ciwo ne ya kawo shi, su kuma tambaye shi game da taba. Malaman gona su haɗa maganar lambun ganye da kiwon kifi da ajiye waken suya na ci a cikin faɗakarwarsu. Shugabannin ƙananan hukumomi da ƙungiyoyin manoma su duba yadda za a taimaka da kuɗin mota, domin sau da yawa shi ne yake hana zuwa Shika ko Kaduna. Ranar Gani ta Duniya, wadda take faɗowa Alhamis ta biyu a watan Oktoba kowace shekara, dama ce ta tara jama'a a yi musu wannan bayani.

Kammalawa

Cibiyar gani da maiƙo mai saurin lalacewa aka gina ta, kuma tsufa yana rage mai kyau ya tara marar amfani. Abin da ke hannunmu shi ne kifi da ganye da waken suya a tukunya, barin taba, kula da hawan jini da sukari, gwajin ido ɗaya-ɗaya, da hanzarta zuwa asibiti idan layi ya karkace. Muna roƙon duk wanda ya karanta wannan bayani ya isar da shi ga waɗanda ba su samu karantawa ba, musamman iyayenmu da ke ƙauyuka. Rigakafi ya fi magani. Allah Ya ƙara mana lafiya da zaman lafiya, amin.